Motar da Aka Ba Ni Kiwo

Mai kwale-kwalen da ya ƙetare da mu zuwa ƙasar Benin ya karɓi kuɗin kowa ko kai bai ɗaga ba. Da ya zo kaina sai ya tsaya ya ƙare wa babbar rigata kallo, ya ninka kuɗin. Na biya. Rigar shadda ce ruwan toka mai aikin hannu, kuma ita kaɗai ta tsira ranar da alƙali ya raba kayana, don a lokacin tana wurin mai wanki. Jakata na rataye a kafaɗa, a cinyata kuma ga robar man shanu da aka ɗaure bakinta da leda da tsumma.

Ni mutumin Gwandu ne, Ummaru Mai Albasa ake ce mini, ko da yake a lokacin nan sunan ne kawai ya rage. Na kwashi albasa a hannun manoma bisa alkawarin biya idan ta yi tsada, na ci bashin banki na ƙara, na jibge ta a rumbuna. Zafi ya zo da wuri, ruwa ya biyo baya, albasa ta ruɓe har maƙwabta suka riga masu bin bashi kai ƙarata saboda wari. Alƙali ya tara kowa, aka sayar da gida da rumfa da babur, aka raba musu abin da ya samu, aka rubuta cewa na karye. Matata Dije ta kwashi yara ta koma gidan mahaifinta a Kalgo. Tsohon bai yi mini gori ba. Cewa ya yi duk ranar da na samu abin yi da ɗakin da zan ajiye su, in zo in ɗauki iyalina.

Na iya tuƙi tun ina saurayi, shi ya sa na ɗora raina a kan motar haya, irin wadda ake ba mutum ya riƙa biya sannu a hankali. A banki yarinyar da ke gaban kwamfuta ta shigar da lambata, ta dube ni, ta sake duban kwamfutar, ta ce sunana yana cikin waɗanda ba a ba bashi, kuma duk bankin da na je haka za su gani. A tashar Kalgo manyan direbobi suka ce in kawo wanda zai tsaya mini. Mutanen da muka sha cin kaji tare kuwa, duk wayoyinsu suka lalace a lokaci guda.

Inna Hajo ce ta nuna mini hanyar Kwatano. Bafulatana ce daga Dangoma, ta daɗe tana ajiye ƙwaryar furarta a inuwar rumfata ranar kasuwa. Da rumfar ta zama ta wani, ita ce ta neme ni har zauren abokin da nake kwana.

"Ummaru, tahi Kwatano wurin yaron nan nawa, motoci shika saidawa," in ji ta. Ba ta faɗi sunan ɗan nata ba saboda alkunya irin ta Fulani, a bakin mutane na san Alhaji Sambo ake ce masa. "Ka kai mishi man ga. In ka isa kar ka tsaya kewaye-kewaye, ka hwaɗa mishi abin da yas same ka, duka."

Na ce to. A raina kuwa na ce tsohuwa ta san nono, ba ta san kasuwa ba. Wane ɗan kasuwa ne zai ji mutum ya karye sannan ya miƙa masa makullin mota? Na yanke cewa a matsayin Alhaji zan je, mai kuɗin da suka ɗan maƙale a kaya. Dalilin babbar riga ke nan.

Zangon farko Malanbil ne, garin da ke bakin kogi. Tun kafin in ga kasuwar na ji ƙamshinta, buhunan albasa jere har inda ido ya tsaya. Na so in bi ta gefe, sai na ji an ƙwala mini kira. Ɗan Ige ne, wani tsohon dillali da muka daɗe muna hulɗa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Mun ji abin da yah hwaru. Allah shi maida alheri."

"Ɗan abu ne, ya ma wuce," na ce.

Ya dubi fuskata, ya dubi rigar. "Ga babbar mota can ta albasa, Kwatano za ta. Direban ɗan gida na. Hau gaba, ko sisi ba ka biya."

Ni da nake hayar irin motar nan sukutum, yau in hau ta a matsayin alfarma, a gaban 'yan dako? Na ce masa likita ya hana ni doguwar tafiya a babbar mota. Na je na biya kuɗin bas, na ji kuɗin sun fita kamar ana zare mini jijiya. Kafin mu tashi sai ga Ɗan Ige da ƙullin ƙuli-ƙuli, ya turo ta taga ya juya bai jira godiya ba. Ƙuli-ƙulin nan ne ya riƙe ni har tsakiyar ƙasar.

Daga nan zuwa Kandi, duk shingen da muka tsaya ni ake fara nunawa. Jami'i ya leƙo, ya wuce mata da leburori, ya ce mai babbar riga ya sauko. Faransanci ba na ji, amma tafin hannu a buɗe ba ya bukatar tafinta. Wani ma man shanun ya so ya riƙe, sai da na rantse masa da Hausa da hannu cewa saƙon uwa ne zuwa ga ɗanta, sannan ya karɓi kuɗi a madadinsa. Rana kuma ta yi nata aikin, man ya narke ya tsattsafo ta bakin robar, ya yi mini tabo a gaban riga, faɗin tafin hannu. Daga nan na koyi naɗa hannun rigar ta yadda zai sauko ya rufe wurin.

A Paraku motar ta lalace, muka wuni a bakin wani gareji. Akwai wata mata mai tuwon masara a wurin, ƙatuwa mai yawan dariya. Da ta ga fasinjoji sun yi jugum, sai ta riƙa zuba wa marasa hali a ganye tana kaɗa hannu alamar su bar kuɗinsu. Ni kuwa kujera ta jawo mini, ta goge ta da zanenta, ta kawo faranti da nama har da ruwan wanke hannu, ta faɗi kuɗi da yatsu. Na ci ina kallon na kusa da ni yana sharɓar nasa kyauta. A gabana wata yarinya sa'ar Nana, autata, tana cin tuwo a cinyar uwarta, tana shafa miyar a kumatu. Kewar gida ta taso mini. Na tuna Nana ta taɓa tambayata a ƙofar gidan kakanta, wai me ya sa nake tafiya idan magariba ta yi, alhali a da ba na tafiya. 

Kwatano gari ne na 'yan kabu-kabu masu haya da babur, ko'ina ka duba sai riguna ruwan ɗorawa da hayaƙi. Ina sauka wani mutum mai tsabta, riƙe da jakar hannu, ya tare ni da Hausar da ta fi tawa daɗi. Ya ce ya san Alhaji Sambo, amma me zai kai babban mutum kamata wurinsa, ga kamfani nan da ke ba 'yan Najeriya mota bashi ba tare da wani bincike ba? Kalmar nan ta ƙarshe ita ta kama ni. Ya kai ni ƙofar wani dogon bene, ya karɓi kuɗin rajista, ya ce in jira ya kira manaja. Na jira har inuwar benen ta bar inda nake. Da na shiga na tarar ashe asibitin haƙori ne, kuma yana da wata ƙofar ta baya. Ban yi ihu ba, ban nemi 'yan sanda ba. Alhaji ba ya ihu a titi saboda 'yan kuɗi ƙalilan, ko da kuwa su ne na komawarsa gida.

Da ƙafa na ƙarasa filin motoci, ina tambaya. Motoci ne birjik a cikin rairayi, gilasansu na walƙiya. Alhaji Sambo dogo ne siriri, yana zaune a benci cikin riga 'yar shara, idan ba a nuna maka shi ba sai ka ce mai gadi ne. Na gaishe shi na miƙa robar. Ya kwance tsumman, ya shinshina, ya dube ni.

"Inna ba ta ba ka wani saƙo ba bayan wanga?"

"Gaisuwa ce kawai, Alhaji."

"To madalla. Mi ka tahe da kai?"

Na gyara hannun riga, na karanto abin da na haddace tun daga Kalgo. Kasuwa ta buɗe, ina so in ƙara da sufuri, kuɗina suna cikin albasa, idan zai ba ni mota yanzu zan riƙa aiko masa. Ya saurare ni har na gama.

"Ga motoci nan, zaɓi wadda kaka so. Sai dai nan wurin hannu da hannu muke yi. Tunda kuɗɗinka na tahe, zamna ka jira su. Baƙon Inna ba shi kwana waje."

Aka ba ni ɗaki a jikin masallacin filin, abinci na zuwa daga gidansa safe da rana. Na zauna jiran kuɗin da na san babu su. Kullum da hantsi sai ya biyo ta ƙofar ɗakin.

"Alhaji Ummaru, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

"To madalla." Sai ya wuce.

Na tsani madallar nan fiye da yadda na tsani mai jakar hannu. Don in rage zaman banza sai in zaga cikin motoci, ina buga tayoyi da ƙafa, ina taɓe baki kamar wanda bai ga abin da ya yi masa ba. A can ƙarshen fili akwai wata tsohuwar mota shuɗiya mai dogon baya, irin ta haya, da lambar Najeriya a jikinta. Ta sha gyara, fentin ƙofa ɗaya ma bai yi daidai da sauran ba, amma kullum a wanke take, kuma na lura Alhaji da kansa yake tayar da ita ya saurari injin. Na tambaye shi kuɗinta, don ita ce kaɗai na ga kamar bakina zai iya kaiwa. Ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce.

Ranar da na ga katin wayata ya kusa ƙarewa, na kira Dije. Na fara gaya mata komai na tafiya daidai, muna kan ciniki. Ta bar ni na gama.

"Inna Hajo ta zo har gida jiya," ta ce. "Tambaya guda ta kawo ta, wai ka hwaɗa mishi?"

"Dije, ba ki san kasuwa ba. In na faɗa, shi ke nan."

"Malam, tun daga Gwandu har Kalgo kowa ya san ka karye. Masu tallan goro sun sani. Kai kaɗai na ba ka ji labari ba." Na ji muryar Nana a bayanta. "Ni ba Alhaji nika jira ba. Baba ya tsufa, hatsinshi ba shi kai mu kaka. Ka yi abin da tsohuwa tac ce."

Katin ya ƙare a nan. Na ji haushinta ƙwarai, irin haushin da mutum ke ji idan ba shi da abin da zai mayar. Na zauna ina kallon rigar a rataye jikin ƙusa, tabon man ya ƙi fita duk wankin da na yi masa a ɓoye. Washegari da na ji takun Alhaji, na bar ta a ƙusar na fito da 'yar cikin da ta koɗe.

"Alhaji Ummaru, ya kasuwa?"

Maganar nan ban taɓa furta ta da bakina ba. A gaban alƙali ma wasu ne suka faɗe ta, ni sa hannu kawai na yi. Na dubi ƙasa na ce, "Babu kasuwa, Alhaji. Na karye. Ba ni da albasa, ba ni da gida, iyalina suna gidan surukina. Kuɗin komawa ma an damfare ni. Banki ba sa ba ni, kuma babu mai tsaya mini."

Ya jawo benci ya zauna, ya nuna mini gefensa.

"Na sani. Kana Kamba, kahin ka ƙetare kogi, Inna tas sa anka kira ni."

Kunya da fushi suka haɗu mini. "To, don me ka bar ni ina ta zuba duk kwanakin nan?"

"Kai kac ce mani lahiya kake. In ce maka ƙarya kake, kana baƙon Inna? In na miƙa ma mai babbar riga taimako, ai zagi na." Ya tashi. "Taho."

Wurin shuɗiyar motar ya kai ni. Ya ɗora hannu a kanta ya tambaye ni ko na san habbanaye. Na ce ina jin Fulani na faɗi. Ya ce yana ƙarami ciwo ya shiga garken mahaifinsa ya share shi tas. Sai wani mutum daga wata ruga ya jawo karsana ya ɗaure musu a turke. Ba sayarwa ba ce, ba kuma kyauta ba. Ka yi kiwonta, ka sha nononta, 'ya'yan da ta haifa naka ne, idan ka tsaya da ƙafarka ka mayar da uwar.

"Nonon saniyar nan nis sha nig girma. Ni yanzu ba ni da shanu, motoci gare ni, shi ya sa nika yi da wagga. Ka ga ƙohwar can? Wani mutumin Jega yas sake ta, shi am mai kiwo kahin kai. Amma habbanaye ba a ɗaura ma mai garke. Sai wanda nashi sunka mutu, kuma shi hwaɗa da bakinshi."

Na tambayi nawa zan riƙa aikowa. Ya ce ko sisi. Sharaɗinsa shi ne kada in sayar, kada in ba wani ya ja, kada in bar ta da ƙishin mai ko ciwon da ban kai ta wurin bakanike ba. Ranar da ta haifa mini tawa motar, in kira shi. Na ce wace takarda zan sa wa hannu, wa kuma zai tsaya mini? Ya ce Inna ta riga ta tsaya, ba kowa take ba man shanunta ya ɗauka ba. Ya sa aka cika tanki, ya miƙo makulli. Na yi kuka a wurin, a gaban masu wankin mota, ban kuma damu da su gani ba.

A hanyar dawowa babu shingen da aka ce mai tsohuwar mota ya sauko da wata daraja, ɗan abin da ake ba kowa shi na bayar. Na tsaya a Malanbil na nemi Ɗan Ige, na gaya masa gaskiyar likitan nan, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Na shiga layi a tashar Kalgo, ina jigila zuwa Birnin Kebbi da Jega da Gwandu, ɗaliban jami'a da buhunan shinkafa da awaki, duk wanda ya biya. Direbobi suna yi mini tsiya wai na fi kula da motar aro fiye da yadda suke kula da matansu. Gaskiyarsu, ko ƙara na ji a ƙarƙashinta ba na iya cin abinci sai an duba. Kafin kaka na kama ɗaki biyu a bayan tasha, na je na durƙusa gaban surukina na ɗauko iyalina. Nana ce ta zauna a gaba. Rigar kuwa Dije ta sa tela ya fitar wa yaran kayan Sallah a ciki, ya zagaye tabon.

Sai da aka ɗauki shekaru kafin in haɗa kuɗin wata 'yar mota ta hannu. Ranar da na biya, na kira Alhaji Sambo na ce saniyarsa ta haihu, yaushe zan kawo ta?

"Kar ka kawo ta. Kai ta Ceberu. Akwai wani Malam Isa mai injin casar shinkahwa, gobara ta cinye mishi komi."

"In miƙa masa makulli kawai?"

"Ka san yadda aka yi," ya ce, ya kashe waya.

Dije da kanta ta wanke kujerun, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Ni ma rabuwa da motar nan ta fi mini zafi a kan ranar da aka sayar da babur ɗina. Na kama hanyar Ceberu da safe, na ajiye ta nesa kaɗan da gidan, na ƙarasa da ƙafa. A gefen gidan ga bangon rumfar injin nan baƙi ƙirin, kwanon rufin ya lanƙwashe. Na yi sallama na ce baƙo ne daga Kalgo. Aka daɗe kafin ya fito. Da ya fito, cikin farar babbar riga ya fito, karin ninkin akwati bai ma sake ta ba.

Muka gaisa, ya shimfiɗa tabarma. Na ce, "Malam Isa, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi," ya ce, yana gyara hannun riga. "Ɗan abu na, ya ma wuce. Shirin ƙaro sabon inji muke."

Makullin na cikin aljihuna, ina jin sanyinsa a cinya. Na cire takalma na hau tabarmar sosai, na roƙi ruwan sha, na aika wa Dije cewa kada ta ajiye mini abincin rana. Sannan na gyara zama na ce masa, "Malam Isa, ka taɓa jin warin albasa idan ta ruɓe a rumbu? Bari in ba ka labarin tawa."